Robar da Ta Yi Saura

A gidanmu na unguwar Habbena, da an idar da sallar isha'i sai kakata Dije ta tura itace cikin murhu, mu kewaye ta. Ni take zaunarwa kusa da ƙafarta, tana kirana maigida, wai mijin da ko goro bai taɓa saya mata ba. Tatsuniyoyinta suna da yawa, amma akwai ɗaya da ba ta dariya in tana yin ta.

Wai wani ayarin mahajjata ne ya yada zango a bakin kogi. Madugu ya kwance sirdin raƙuminsa ya gyara, ya mayar. Da suka tashi sai wani guntun fata ya rage a ƙasa. Guntun bai damu ba. Ya ce shi ne ke hana icen sirdi cin bayan raƙumi, ba za su yi nisa ba za su dawo nemansa.

Nakan ce, "Kaka, sun dawo?"

Sai ta ce, "Kai maigida, ka cika gaggawa. Abin da ke da gurbi ai ba a mantawa da shi." Daga nan ta yayyafa wa wutar ruwa.

Sai da na girma na ji cewa tana 'yar shekara shida mahaifinta ya bar ta a garin nan wajen wata gwaggo, saboda zazzaɓi, ya ce in ya dawo daga Makka zai ɗauke ta. Har ta rasu, duk baƙon da ya zo daga gabas sai ta aika a tambayo mata labarin mahaifinta.

Watan jiya na canza wa tsohuwar motata ta dakon nama sifirin na baya. Da na gama ɗaurewa sai na ga wata baƙar roba mai kama da zobe a kan tabarma. Na sake shiga ƙarƙashin motar, na lalube ko'ina, ban ga inda ta fito ba. Kwana uku na ƙi ɗaukar kaya. Na zaga shagunan unguwar Klémat da ita a aljihu, kowa ya juya ta ya girgiza kai. A unguwar Diguel na sami wani dattijon makanike, Malam Abakar. Kallo ɗaya ya yi mata.

"Matashin tsohon sifirin ne, a kansa yake zama. Sabon sifirin da nasa ya zo. Kalas, shi ke nan, jefar da ita."

Na ce, "Baba, motar ba za ta neme ta ba?"

"Ko a jikinta."

Gaskiyarsa. Motar tana tafiya lafiya lau, ko ƙara ba ta yi. Na so a ce ta yi, wallahi na so. Shekara arba'in ina ɗauka raƙumin nan ya ji ciwo a hanya. Ban taɓa kawo wa raina cewa ayarin ya isa lafiya ba.

Robar tana cikin aljihuna har yau.