Ranar da Na Wanke Soson Kifin Alhaji

Har gobe ban manta da ranar Larabar da na kusa kashe kifin Alhaji da hannuna ba. Kuma ba mugunta ta sa ni ba, tsabta ce. Ku da kuka shigo aikin kula da akwatin kifi yanzu, ku saurara.

Ni mutumin Argungu ne, gidanmu masunta ne. Da ƙarfi ya fara raguwa na dawo Birnin Kebbi, na samu aikin shara da ban ruwan fulawa a wani gida a Gesse. Maigidan tsohon ma'aikaci ne, shanyewar ɓarin jiki ta zaunar da shi, magana ma da ƙyar take fita. A falonsa akwai akwatin gilashi mai kifi bakwai, ɗaya babba ja da ya daɗe a gidan. Daga safe zuwa la'asar jan nan Alhaji ke kallo. Tun ranar farko matarsa Hajiya ta gaya mini komai na gidan in ya lalace a sayi wani, ban da wannan.

Mai kula da akwatin shi ne Malam Isah, mai shagon kifin ado a Nasarawa. Ga wanda bai sani ba, a cikin ruwan akwai soso, da siririn tiyo daga ɗan injin da ke hura iska. Iskar na jawo ruwa ta cikin soson, datti ya maƙale. Iyakar abin da na sani ke nan a lokacin.

Malam Isah ya tafi Sakkwato jinyar mahaifiyarsa, ya daɗe. Soson ya yi baƙi, kumfar ta ragu. Na ce a raina, ni da na girma cikin kifi, soso ne zai gagare ni? Ranar Litinin na cire shi, na kai bakin famfo, na zuba garin sabulu, na dirza har ya yi fes, na shanya a rana na mayar. Ba wanda ya sa ni, ba wanda na gaya wa.

Laraba da hantsi ruwan ya yi fari-fari kamar na wankin shinkafa. Kifayen duk sun taso sama suna buɗe baki. Wannan kam na san shi. Haka kifi ke yi a tafki in ruwa ya kusa ƙafewa, kuma ba ya kai gobe. Ƙarami ɗaya ya riga ya juya ciki sama. Alhaji na nuni da hannunsa mai lafiya, bakinsa na rawa, kalmar ta ƙi fita.

Hajiya ta kira Malam Isah ta buɗe muryar wayar. Lokacin bazara ne, da na ce zafi ne ba mai musa mini, kuma wallahi na yi niyya.

Malam Isah ya ce, "Wa yat taɓa soson?"

Na dubi Alhaji. Na ce ni ne.

"Da mi?"

"Da sabulu."

Sannan ya ce, "Baba Garba, ka kashe ma'aikatan gidan." Ya ce baƙin nan ba datti ba ne kawai, wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, su ke cinye gubar da ke fita daga kashin kifi. Sabulu da ruwan famfo sun gama da su, yanzu kifayen cikin gubarsu suke numfashi.

Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi in jan nan ya mutu ba ta san abin da za ta gaya wa Alhaji ba, amma ni ta san abin da za ta gaya mini.

Malam Isah ya ba ni umarni. A daina ba su abinci. In kwashe kashi ɗaya cikin uku na ruwan, in cika da na randa wanda ya kwana. In jefar da soson nan. In je shagonsa matarsa ta ba ni tsohon soso daga akwatin da ke aiki, cikin bokiti da ruwansa, kada ya bushe a hanya.

Na hau kabu-kabu, bokiti a cinya, ruwa na zuba mini a wando. Ina shiga gida aka ɗauke wuta, janareto kuma ya ƙi tashi. Injin iska ya tsaya, jan ya fara karkacewa. A nan ne kaɗai sana'ar su da na gada ta yi rana. Na ɗauki kofi ina ɗibar ruwan ina zubo shi daga sama, yadda muke yi wa kifi mai rai a cikin baho. Na yi ta yi har kafaɗata ta mutu. Sai bayan azahar wuta ta dawo, kumfa ta taso daga tsohon soson.

Biyu suka mutu. Jan ya miƙe a kwana na uku. Ranar ina shara Alhaji ya kama bakin rigata, ya daɗe yana kokawa da harshensa, ya ce, "Bar... shi... baƙi."

Da Malam Isah ya dawo ya nuna mini yadda ake yi. Ka ɗebi ruwan akwatin a bokiti, ka matsa soson a ciki sau uku ko huɗu, ka mayar. Shi ke nan. Daga baya shi ya ɗauke ni aiki, ya ce wanda ya amsa laifinsa a gaban Hajiya zai gaya masa gaskiya a waya.

Abin da na koya, sanin kifin gulbi ba sanin kifin gilashi ba ne, kuma a aikin nan mai ƙwazon da bai tambaya ba ya fi malalaci ɓarna. Har yau in na ga soso baƙi hannuna na ƙaiƙayi. Sai in matsa shi sau uku, in mayar da shi da baƙinsa.