Muryar Baba a Bakin Manomin Katun

Shekarar da kamfanin gurzar auduga ya sallame mu, rasa inda zan sa kaina na yi. In zauna a shagon cajin waya, in tashi, in leƙa tasha, in dawo. A wannan gantalin na koyi haɗa katun a waya, irin wanda baki ke motsi, sauran jiki na tsaye ƙiƙam.

Da kansilan mazaɓarmu na fara, don takin gwamnati ta hannunsa yake bi, kuma rabinsa a hanya yake narkewa. Ban raga masa ba. Na zana kura da babbar riga, tumbi har ƙasa, tana haɗiyar buhunan taki tana gyatsa. Wai don kada wani ya kasa ganewa, na rubuta "kansila" a goshinta, na ƙara da "ɓarawo" a tumbin. Yau in na tuna, kunya nake ji.

Saura muryar manomin da zai tsaya gaban kurar. Tawa siririya ce, ba ta yi ba. Sai na tuna Baba, wanda kullum in ya dawo daga gona yake wanke ƙafa a tsakar gida yana mitar taki shi kaɗai. Na ɗora waya a kan turmi na naɗi muryarsa, bai sani ba.

Cikin kwana biyu katun ya zagaye Funtua, ya kai har Danja. Kaina ya kumbura, ko tuwo nake ci waya na hannun hagu. Na manta shaf cewa babu wanda bai san muryar Baba ba a unguwarmu, tunda shi ke kiran salla in ladan ya yi tafiya. Ranar rabon taki aka karanta sunaye, babu na Baba. Masararmu kuwa ta kai gwiwa, ganyenta ya fara rawaya.

Hankalina ya tashi. Na je ƙofar gidan kansila sau biyu, na juyo ban yi sallama ba. Na goge katun daga wayata, alhali yana cikin ta kowa. Da na hango Baba sai in canza hanya.

Ran nan bayan la'asar ya kira ni zaure, wayar maƙwabcinmu a hannunsa. Na tsuguna na riga shi magana.

"Baba, ka yi haƙuri. Takin nan ni zan nemo shi, ko daga ina ne."

"Wa ya yi maka zancen taki? Abin da na faɗa gaskiya ne, ko a gaban shi sai in maimaita."

Ya juyo mini da wayar. An tsayar da hoton daidai kan manomin. Riga tsumma, haƙarƙari a waje, ƙudaje a kai, hannu a miƙe yana roƙo. Haka na zana shi don a tausaya masa, ban ƙara dubawa ba.

"Wannan ni ne?"

Bai jira amsata ba.

"Tun ba a haife ka ba nake noma. Ka taɓa ganin na fita da yagaggiyar riga? Ka taɓa ganin na miƙa ma wani hannu?" Ya sake duban hoton. "Shi kansila ka zage shi, ya yi dariya ya wuce. Ni kuwa ɗan cikina ya nuna ma duniya yadda yake ganina."

Ya miƙo mini wayar, ya ce in mayar wa mai ita.