Miyar da Luba ta bar wa Inna

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Luba ta rasu.

Da safiyar nan labarin ya same ni, ina tsaye a ƙofar gida ina jiran mai napep. Nana ce ta kira, babbar 'yarta. Ta ce, "Anti, Mama ta cika." Na ce ke Nana, wace Maman? Wallahi haka na tambayi yarinyar nan, sai ka ce tana da wata uwar.

Ga waɗanda ba su san ta ba, Malama Lubabatu nake nufi, abokiyar aikina. Tebur ɗaya muke zama a ofishin malamai, ita tana koyar da lissafi, ni Hausa. Farkon makon nan aka yi mata aikin ƙari a mara. Aiki ya yi kyau, har ta fara shan shayi, har ta turo min saƙon murya tana tsokanata. Sai ga shi Mai ita Ya karɓi abarSa.

An kai ta makwancinta kafin azahar. Yanzu na shigo daga gidansu a Runjin Sambo, ko mayafi ban cire ba. Na kasa kuka yadda ya kamata, na kasa yin shiru, shi ya sa nake rubutun nan.

Ni ba 'yar garin nan ba ce, aure ya kawo ni daga Kano. Ranar da na fara aiki ban san kowa ba, ina zaune a takure, gumi ya jiƙa min hijabi. Sai wata doguwar mata ta turo min kofin ruwan sanyi ta ce, "Sha, Bakanuwa. Zahin Sakkwato ba a yi mai kunya." Daga ranar sunana ya ɓace a bakinta, na zama Bakanuwa.

Da na haifi autana ina nan Gawon Nama ba uwa ba ƙanwa a kusa, ranar da 'yan suna suka watse sai ga ɗan kabu-kabu da kula a ƙofar gida. Na buɗe na ga robobin miya sun daskare kamar dutse. Ta kira ni ta ce, "Ki ɗumama guda kullum. In kin hura wuta kahin ki yi arba'in, ni da ke ne."

Duk wanda ya san Luba ya san firizarta.

Asabar ranar girki ce a gidanta, ko sarki ya kira ta ba ta fita. Tun yammacin Juma'a ta sayo tumatir da tarugu da tattasai, an kai inji an markaɗo. Da safe manyan tukwane su hau wuta, wannan miyar ja, wannan taushe, waccan wake. Su huce, ta raba a robobi, ta jera. Duk ranar da muka taso daga makaranta a gajiye, Nana ta tuƙa tuwo ko ta dafa shinkafa, a ɗumama roba ɗaya, kafin magariba kowa ya ci.

An yi mata surutu ba kaɗan ba. Wai mace guda da lafiyarta tana ba miji da yara miyar kwana. Har a ofis an faɗa a gabanta. Ta ɗago daga takardun da take dubawa ta ce, "Su hwaɗi abin da sunka ga dama. Ni dai ɗiyana ba su kwana da gari da ƙuli don uwassu ta gaji." Bayan wata biyu masu surutun ne ke zuwa tambayarta inda take sayen robobi.

Kuma firizar nan tana da doka. In an ɗauke wuta ba mai buɗe ta, sai a lulluɓe ta da tsohon bargo a ƙyale. Ko Malam Bello, maigidan, in yana son ruwan sanyi sai dai ya tafi randa. Mun sha yi masa dariya a kan haka.

Amma abin da mutane ba su sani ba, ba don yara kaɗai take wannan wahalar ba. Don Inna ne, mahaifiyarta.

Inna tana wurinta tun da tsufa ya fara taɓa mata tunani. Sai ta gaishe ka yanzu, ka fita ka dawo ta sake tambayar ko kai wane ne. Ga hawan jini, likita ya hana ta gishiri da dunƙule. Kuma ta kafe, ba ta cin miyar kowa sai ta Luba. Ba rigima take ba, tana kaiwa baki sai ta ture kwanon ta juya kai. An taɓa kwantar da Luba kwana biyu a asibiti, tsohuwar nan ruwa kaɗai ta sha sai da ta dawo.

Shi ya sa Inna ke da tukunyarta daban. Miyar sure da gyaɗa, ba gishiri sai ɗan abin da ba a rasa ba, da daddawar batso da Luba ke dakawa da busasshen kifi da hannunta. Robobin Inna ƙanana ne masu koren murfi, ci ɗaya ci ɗaya. Galibinsu a sama suke, don kullum ake ɗauka.

Ranar Asabar ɗin nan da ta wuce Luba ta kira ni. "Bakanuwa, taho ki kama mani, na wata guda nika son yi." Ta ce likita ya ce bayan aiki ba ita ba tsayuwa gaban wuta sai ta warke.

Na same ta a tsakar gida ta ɗaure ƙugu da ɗankwali, ciwo na cin ta, tana daka tana dafe mara. Na ce don Allah Luba ki zauna, ga ni ga Nana. Ta ce sauran duk mu yi, amma ta Inna ita za ta yi.

Can sai ta ce in ɗora ƙaramar tukunya a gefen tata, duk abin da ta zuba in zuba. Na ce ni da na iya miya tun kina rarrafe? Ta ce, "Ke dai zuba." Na bi ta tiryan-tiryan, sure ɗaya, gyaɗa ɗaya, daddawa daga turmi ɗaya. Da suka nuna ni kaina na ɗanɗana ban ji bambanci ba.

Ta ɗebi tawa a ɗan kwano da lomar tuwo muka kai wa Inna ɗaki. Inna ta kai baki, ta tauna, ta dube mu. Ta ture kwanon ta ce, "Wagga ba hannun Luba ba ta."

Muka fito muna dariya har Luba na riƙe ciki tana cewa in bari, ciwo. Na ce tsohuwar nan fa ba abin da ta manta, mu take yi wa wayo. Da dariyar ta lafa sai ta tsaya tana kallon tukwanen. Ta ce, "Ba komi. In na dawo mu sake, sai ta amshi taki. Bai kamata a ce mutum guda na ba."

Muka jera robobi har murfin firiza na rufuwa da ƙyar. Ta rako ni bakin titi, ta tsayar min da mai napep, ta cusa min robar taushe a jaka. Rabona da ita ke nan ido da ido.

To yau.

Kun san gidan rasuwa. Kafin hantsi tsakar gida ta cika da mata, 'yan uwa daga ƙauye, maƙwabta, mutanen makaranta. Rana kamar ta sauko ƙasa, ga shi tun jiya ba wuta a unguwar. Ni ina ɗaki rungume da Nana da ƙannenta, hankalina bai kai ko'ina ba. An shiga an gaya wa Inna, ta yi salati, ta yi hawaye. Jim kaɗan ta tambaya wai bikin wa ake yi.

Bayan azahar wata ta leƙo ta ce tsohuwa fa tun safe ba ta sa komai a baki ba, an kai mata abincin maƙwabta ta ture. Na ce ku bari, akwai nata. Na tashi na nufi firiza.

Na tarar da bargon a ƙasa, murfi a buɗe. Na leƙa, ruwan leda ne cike har baki.

Jama'a, na juyo wajen matan da ke tsakar gida. Na ce ina robobin da ke cikin nan? Aka nuna min bayan ɗakin girki. Ga su can an wanke an kife a kwando, har da masu koren murfi.

Wata gwaggon Malam Bello ce, baiwar Allah da ta zo daga ƙauye tun da sassafe. Ta ga baƙi na fama da ƙishi, ta ga wuri mai sanyi cike da miya, ta ga kuma jama'a na buƙatar abinci. Sai ta sa aka kwashe, aka juye miyar a babbar tukunya aka ɗora a wuta, aka cika firizar da ruwan leda. Da suka ɗanɗana suren suka ji lami, sai suka gyara shi da gishiri da dunƙule. An tuƙa tuwo, an raba wa masu gaisuwa, har maza a waje sun ci suna sa albarka.

Mutane sun ci girkin Luba a zaman makokinta ba su sani ba.

Ban san sanda na ɗaga murya ba. Waɗanda suka san ni sun san bakina, yau kam ya fi ƙarfina. Na ce wa ya aike ku? Wa kuka tambaya? Gwaggon ta zo ta tsaya a gabana, hannunta duk tuwo, ta ce, "Ɗiyata, mi munka yi? Sadaka ta munka yi mata." Da Nana ta yi mata bayani sai matar nan ta zauna daɓas a ƙasa ta ɗora hannu a ka. Na durƙusa na riƙe ta muka yi ta kuka tare. Ba ta da laifi, lada ta nema wa mamaciya.

Nana ce ta ce a duba ƙasa. Muka kwashe ruwan ledar nan kaf, sai ga 'yan robobi a can ƙurya ƙanƙara ta riƙe su, shi ya sa aka kasa ciro su. Da wuƙa muka ɓamɓare. Na duba murafen ɗaya bayan ɗaya, masu kore ba za su kai Inna mako ba.

Na ɗumama ɗaya a ƙaramar tukunya, ban ƙara ko ɗigon ruwa ba. Na kai mata da tuwo mai laushi, na zauna a bakin tabarma na ce Inna ga abinci.

Ta kai loma ɗaya. Ta kai ta biyu. Ta gyara zama ta ci gaba da ci, har tana sa yatsa tana sharce gefen kwano. Ni ina kallon bango don kar ta ga idona.

Da ta gama ta yi hamdala, ta rage 'yar loma a gefe ta rufe da faifai. Ta ce, "Luba ta dawo ke nan. Ki aje mata wanga. Ita in tana aiki ba ta tuna cikinta."

Na ce to, Inna.

Sauran robobin suna nan gidana, na rungumo su a kula cikin napep, don mu muna da sola. Kullum zan kai ɗaya. Na roƙi Nana ta ba ni ragowar daddawar da uwarta ta daka, gobe da safe zan ɗora tukunya in gwada, jibi ma haka. Ban san ko za ta karɓa ba. Tsoro nake ji wallahi, ban san abin da za mu ba tsohuwar nan ba ranar da na buɗe ta ƙarshe.

Luba, kin tafi kin bar ni da aikin da kika ce tare za mu yi.

Ya Allah Ka gafarta wa Lubabatu, Ka yi mata rahama, Ka haskaka kabarinta, Ka sanyaya makwancinta. Duk cikin da ta cika, da wanda ya ci yau bai san nata ba ne, Ka sa a mizaninta. Ka ciyar da ita daga abincin Aljanna Firdausi. Ka ba Malam Bello da Nana da ƙannenta haƙuri da dangana.

Don Allah duk wanda ya karanta, ko bai san ta ba, ya yi mata Ƙulhuwallahu ya sa ta a addu'a. In ta taɓa ɓata wa wani, ina roƙa a madadinta ya yafe mata.

Kuma ku haɗa da Inna. Ku roƙa mana Allah Ya sa ta karɓi miyata kafin ta Luba ta ƙare.