Nauyin da Ardo Buba ya bi sawu

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da na tsaya gaban iyayen yara a Safana da sikeli ba. Farkon shekarar 1960 ne, ba a ba mu mulkin kai ba tukuna, ni kuwa sabon malamin elementare ne a ƙarƙashin En'e, wato hukumar gargajiya mai riƙe da makarantu.

A lokacin rediyo ta ce Faransawa sun gwada wani bom a Sahara. Gari ya ɗauka. Ardo Buba, shugaban Fulanin wajen Runka, ya aiko cewa tunda boko ne ya haifi wannan wuta, zai kwashe 'ya'yansu daga makaranta. Kusan rabin ajina ke nan, in suka tafi rufe shi za a yi. Magajin gari ya ce in yi bayani ranar kasuwa.

Ni me na sani? Na hau keke sai Batsari, wurin Malam Iro, mai zagayen duba makarantunmu, wanda ya ɗan taɓa kimiyya a Zariya. Ya zaunar da ni ya ce kowace ƙwayar zarra tana da cibiya, cibiyar kuma 'yan ƙwayoyi ne a ɗaure. In an auna su ɗai-ɗai an haɗa lissafi, sun fi cibiyar nauyi. Ɗan abin da ya ragu ya fita ne a matsayin zafi da haske sa'ad da suka ɗauru. In aka fasa babbar cibiya, gutsattsarin sukan fi ɗauruwa tamau, nauyi ya ƙara raguwa, ragin nan shi ne wutar bom.

Don in burge mutane, na aro sikelin awon auduga na kafa gindin tsamiya. Kaico! Na manta cewa duk wanda ke wurin ya taɓa kai auduga sikelin nan ya koma gida yana ƙunci, don akawun awo ya ƙware shi. Ina cewa "sai nauyin ya ragu," wuri ya ɓarke da dariya.

Ardo ya ce, "Malam, wannan karatun ai mun riga ka. Nauyin da ya ɓace a sikeli yana aljihun akawu. Abin da kuke koya wa yaranmu ke nan?"

Na waiwaya ina neman mafita. Ashe Malam Iro ya biyo ni a kan dokinsa, yana bayan taro. Ya matso, ya gaida Ardo, ya tambayi shanu da iyali, bai yi gaggawa ba. Sannan ya ce, "Baba Ardo, gaskiyarka. Nauyi ba ya ɓacewa haka nan. In saniyarka ta ɓata, me kake yi?"

"Sawu nake bi."

"To masanan ma ba su yarda ya ɓace ba. Sawu suka bi, suka iske shi ya zama wuta. Wanda ya ƙera bom da shi, shi da Allah. Mu dai abin da muke koya wa yaro shi ne, in an ce masa abu ya ragu, ya tambaya ina ya tafi."

Ardo ya nuna sikelin. Ya ce, "Har ya iya karanta wannan ƙarfen?"

"Har ya iya, Baba."

"To su zauna. Baɗi ɗana zai tsaya kusa da akawu."

A hanya Malam Iro bai yi mini faɗa ba, tsiya kawai ya yi mini, wai na kai wa mai jin zafin wuta garwashi. Ya ce kafin in buɗe baki gaban mutane, in fara sanin abin da ya taɓa cin su.

Ku da kuke shiga aikin nan yanzu, abin da zan ba ku ke nan. Ajina bai rufe ba, na yi shekaru ina koyarwa har na yi ritaya, kuma duk albarkacin mutumin nan ne. Allah ya jiƙan Malam Iro, ya kai haske kabarinsa.