Za'atar a Tafin Hannun Inna

Ƙamshin za'atar ne ya tsayar da ni jiya a ƙofar mai kayan yaji, wannan busasshen ganye da ake rubuta wa oregano a kwalaben kanti. Sai ga ni a ɗakinmu na unguwar Arba wa Nus, ina 'yar ƙarama, ina jiran a sauke tukunya.

Iyayena daga Nijar suka zo Alƙahira. Inna ba ta san ganyen ba sai da daddawarta ta ƙare, wata tsohuwa 'yar Masar da ke hawan ƙasa ta miƙo mata shi a ƙulli. Daga nan ya zauna a girkinmu, miyar tumatir ne, wake ne, ƙwan safe ne. Lokacin sanyi, in aka rufe tagogi, har barguna sukan ɗauki ƙamshinsa. Ban taɓa tsayawa na ga yadda take sa shi ba. Kun san yaro, gani yake uwa kullum tana nan.

Da ta rasu, Baba ya daina cin abinci. Ba ya ƙorafi. Loma biyu, ya ce, "Alhamdu lillahi, khalas, ya isa," ya ture kwanon. Wuyan jallabiyarsa ya fara yi masa yawa.

Na yi wa ganyen yadda muke yi wa kayan miya: na daka shi a turmi da tattasai da albasa, na zuba tun farko ya yi ta dahuwa. Miyar ta yi ɗaci. Baba ya ɗanɗana, ya ce, "Ma'alish, ba komai, 'yata. Allah ya yi miki albarka." Bai ƙara loma ba.

Ina wanke turmin na tuna. Duk sanda Inna ta goge mini fuska bayan girki, tafin hannunta ne ke ƙamshi. Turminta bai taɓa yi ba. Ashe ba ta daka shi. Washegari sai da na sauke tukunya, sannan na murza ganyen tsakanin tafukana a kan miyar, na rufe.

Baba ya cinye, ya suɗe kwanon da gurasa. Ya kama hannuna ya kai hancinsa, ya daɗe bai saki ba.

"Akwai saura?" ya ce.

Yanzu shi ma ba ya nan. Ganyen kuwa a kwalba mai huji yake zuwa, barbaɗawa kawai ake yi. Ni har yau murzawa nake, kuma ba na farawa sai na kira 'yata ta tsaya kusa da ni.