Albasata a Gaya, Tarunsu a Shanga

Buhu saba'in na albasa na ɗora wa jirgin ruwa a Yelwa ta Yawuri, ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba. Talatin nawa ne, arba'in na Gungawa manoma da suka ba ni amana in sayar musu a Gaya ta Nijar, inda 'yan Kwatano ke zuwa saye. In ta lalace, babu Bagungen da zai ƙara miƙa mini ko kwando.

A lokacin kullum rediyo na cewa shugabannin ƙasashenmu sun zauna, ɗan kasuwa ya wuce da kayansa ba tsangwama. Gaskiya ma'aikatan iyaka ba su wahalar da mu ba. Sai da muka ɗaure jirgi a Gaya, sarkin jirgin wurin ya aiko aka kwance mana inji, ya kuma hana 'yan dako taɓa kayan.

Na same shi a rumfarsa, dattijo ne Bazabarme. Na durƙusa.

"Ranka ya daɗe, mi munka yi?"

"Kai ba ka yi komai ba, ɗan Yawuri. Mutanenku na Shanga sun kama tarun masuntanmu. Ran da taru ya dawo, ka sauke kayanka."

"Ni hwa albasa nike saidawa, ko fatsa ban iya ba."

"Ai ruwanku ɗaya."

Haka dokar kogi take tun kafin a ja iyaka: wanda aka samu shi ke ɗaukar laifin garinsu. Na ce zan kai ƙara wurin hukuma. Mai masaukina ya yi dariya.

"Kai ƙara mana. Takarda ta je Yamai, ta je Abuja, ta dawo ta iske albasarka ta zama miya."

Bazara ta fara, ga ruwa na tsattsafowa ta gindin jirgi. Na sa hannu ƙarƙashin tamfol, na ji ɗumi. Na hau mota sai Shanga.

Sarkin ruwan Shanga ya sa aka baje mini tarun. Tsakiyarsa, inda kifi ke taruwa, idonta kamar gidan sauro.

"Duba nan! Wanga abu ko ƙwan kihi ba ya bari. Ƙone shi za mu yi."

"Baba, in kunka ƙone shi, albasar mutane kunka ƙone."

"Kai ka ga albasar bana, ni kihin baɗi nike gani."

Ban yi musu ba, don gaskiyarsa ce. Na roƙe shi a yanke tsakiyar a ƙone, a ba ni sauran. Ya daɗe yana jan gemu kafin ya yarda. Na sayi guntun taru mai manyan ido na sa aka ɗinka a gurbin, na koma Gaya da shi.

Tun daga bakin gaɓa warin ruɓaɓɓiyar albasa ya tarye ni. Ban ko leƙa jirgin ba, na wuce rumfa. Sarkin jirgi ya zura yatsu biyu cikin idon tarun, ya ɗago kai.

"Wannan ba namu ba ne."

"Igiya taku ce, darma taku ce, ido ne na Shanga. Sarkin ruwa ya ce da wanga ido su taho su yi su, babu mai taɓa su."

Masu tarun suka fara hayaniya, ɗaya har ya miƙe. Dattijon ya ɗaga hannu, ya tambaye ni ko zan tsaya musu in suka sauka. Na ce gidana na Yelwa masaukinsu ne. Sai ya ce a kira 'yan dako.

Buhu goma sha tara muka zubar a ruwa. Na lissafa su cikin nawa, Gungawa suka karɓi kuɗin arba'in ɗinsu cif. Sha ɗayan da suka rage mini sun tafi a ɗinkin taru da hayar jirgi. Na koma gida hannu wofi, amma da shekara ta zagayo buhu ɗari Gungawa suka ba ni.