Yatsan Baba Idirisa a Kan Taswirar Jiratawa

Tamara 'yar Tibiri ce, ɗiyar Malam Bo'az mai koyarwa a lakwal. Tun tana ƙarama ba ta gane magana sai an zana mata a ƙasa. Da ta gama karatu ta samu aiki a wani biro a Maraɗi, tana haɗa taswira da manhajar R. Aikin shimfiɗa ne kan shimfiɗa, kamar mai jera tabarmi: Gulbi a ƙasa, magudanan ruwa a kansa, sai gonaki, sai itatuwa. Abin da ka ɗora a ƙarshe shi ke rufe na ƙasansa.

Wata shekara aka ba ta taswirar gonakin rani na Jiratawa. Da ita za a tsara rabon ruwa, gonar da ba ta fito ba kuma ba ta da ranar ruwa. Tamara ta ƙawata ta da launi, ta kai wa manoma tana ji da kanta.

Wani tsoho, Baba Idirisa, wanda bai taɓa zama a aji ba, ya ɗora yatsa kan magudana yana bi, yana kiran sunan mai kowace gona. Can ya tsaya.

"Ɗiyata, ina gonar Tahira? Nan take, bayan ta Sha'ibu. Marayu huɗu take ci da su."

"Baba, duk abin da aka auna yana ciki."

"To, ni dai ban gane ta ba."

Ranta ya ɗan sosu, amma ta buɗe kwamfutar. Gonar na nan cikin bayanai. Ashe Tahira ta kewaye 'yar gonarta da zogale, shimfiɗar itatuwa kuma ta hau kanta ta shafe ta. Kunya ta kama Tamara. Ta mayar da itatuwa ƙasa, gonaki a sama, layi ɗaya tak ta matsar a cikin manhajar. Gonar ta fito, ƙarama kamar ƙwayar wake, aka sa mata ruwa ranar Talata.

Daga nan ba ta ƙara miƙa taswira ba sai yatsan tsohon ya bi ta, kuma har yau tana gode masa a ranta. Bara Allah ya yi masa rasuwa. Yanzu in ta buga sabuwa, sai ta shimfiɗa ta a tebur, ta ɗora nata yatsan kan magudana, tana kiran sunayen ɗaya bayan ɗaya.